Zanen Goyon Keziya

Duk wanda ya zauna a gidan hayar Malam Almu da ke bayan Ƙofar Guga ya san in watan Kirsimeti ya kama, Ladi matar Ishaya mai gyaran janareto takan canza. Mace ce mai fara'a da son hira, amma da zarar yara sun tafi makaranta sai ta shige ɗaki ta saki labule, ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ba kuɗi ne a ciki ba, ba gwal ba. Tsofaffin zannuwa ne guda biyu da suka koɗe, suka yi laushi saboda yawan wanki.

Al'adar gidansu ce tun daga ƙauyensu na wajen Kafur, wurin uwarsu ta gan ta. In mace ta yaye yaro, ba ta yar da zanen da ta goya shi da shi, ba ta kuma mai da shi tsumma. Takan wanke, ta ninke, ta ajiye. Kowace Kirsimeti sai ta yanki ƙyalle a jikinsa ta ɗinka wa yaron wani abu da hannunta. Shekara na tafiya, zane na raguwa. Ranar da ya ƙare, to yaro ya girma, ya fita daga sahun masu karɓa ya shiga na masu bayarwa.

Ladi kuwa Allah ya yi mata hannu. Allura da zare kawai take riƙewa, amma in ta ɗinka 'yar tsana ta cusa mata audugar rimi, ta yi mata kitso da baƙin zaren saƙa, ta liƙa maɓallai a wurin ido, sai ka ga kamar za ta buɗe baki ta gaishe ka. Wata shekara ta yi wa ɗanta Kefas bunsuru har da gemu, yaran layi suka yi ta sallama a ƙofar gida don su gan shi. Matan Zumunta na cocinsu sun sha roƙonta ta yi musu su biya, takan yi dariya ta ce, "Ba na sayarwa ba ne. Kawo zanenki in nuna miki, ki ɗinka da kanki. Ko ya karkace, hannunki ne yaron zai gani."

To, bana zannuwa biyu ne a akwati, na Kefas da na ƙanwarsa Tabita. Yara kuwa uku ne a ɗaki.

Ta ukun ita ce Keziya, ɗiyar Na'omi ƙanwar Ladi. Da damina Na'omi ta rasu a ƙauye bayan 'yar gajeriyar jinya. Uban yarinyar direban babbar mota ne, yau yana Legas gobe yana Maraɗi, shi ya kawo ta Katsina da kayanta a cikin leda, ya durƙusa gaban Ladi ya ce ba shi da wanda ya fi ta. Sa'ar Tabita ce, tare aka sa su aji ɗaya. Tun da ta zo ba ta taɓa neman ƙarin tuwo ba, ba ta taɓa yin faɗa da kowa ba. A bakin tabarma take zama. In aka miƙa mata ko ruwa ne, sai ta karɓa hannu biyu ta ce ta gode.

Safara'u, uwargidan Malam Almu mai gidan, wadda ɗakinta ke kallon na Ladi, takan ce, "Kai, Maman Kefas, wannan ɗiya akwai ladabi."

Ladi takan amsa da "Haka ne, Yaya," amma abin ba ya mata daɗi. Ta san ladabin yaro a gidansu, ta kuma san ladabin baƙo. Na Keziya na baƙo ne.

Tun farkon wata ta buga waya ƙauye ta tambayi surukar Na'omi zanen goyon yarinyar. Tsohuwar ta ce ai an raba kayan mamaciya tuni, wa zai tuna da wani tsohon zane? Ƙila wata ta ɗauka, ƙila an yayyaga an yi tsumma. Ladi ta sake tambayar mutum biyu, amsar ba ta canza ba. Ta ajiye wayar. Daga baya ta tashi ta yafa gyale ta nufi babbar kasuwa, ta zaɓi atamfa sabuwa dal, ruwan hoda mai furanni masu ƙyalli. A ranta ta ce, yarinyar da ta rasa uwa, bari nata ya fi na kowa kyau.

Haka kuwa aka yi. 'Yar tsanar Keziya ta fi ta Tabita tsawo, ta fi ta gashi, har 'yan kunne na duwatsu Ladi ta sa mata. Da ta gama ta ɗaga ta tana kallo, ta ji daɗin aikinta, ta kwantar da ita a akwati tare da sauran.

Ana jibi Kirsimeti, Ladi ta tafi coci koyon waƙoƙin da matan Zumunta za su rera. Da la'asar ta dawo tana ɗan rera ɗaya a hanci, sai ta tarar da Keziya zaune a zaure. Ta sa takalmanta na makaranta, ta ɗaura ɗankwali, ledar kayanta na bisa cinyarta.

"Keziya, ina zuwa haka?"

"Baba nake jira."

"Ya ce miki zai zo?"

Yarinyar ta girgiza kai.

Ladi ta wuce ciki da sauri. Kefas na tsaye a tsakar gida yana sosa ƙeya, Tabita kuwa ta laɓe bayan randa, ƙafafunta kaɗai ake gani.

"Fito nan. Mi kika yi?"

Tabita ta fito tana tura baki. "Ni ba ni na buɗe ba, Mama. Akwatin ne bai rufu sosai ba."

"Akwatin ne kuma ya jawo kansa daga ƙarƙashin gado, ko?"

"Leƙawa kawai muka yi. Kuma ai cewa na yi zanen 'yar tsanar Keziya ya fi kyau! Na ce nata na kasuwa ne, namu tsofaffi."

Kefas ya ce, "Ta kuma ce mata ba a goya ta da shi ba."

"To ai gaskiya na faɗa," in ji Tabita, idonta ya cika da ƙwalla.

Ladi ta ɗaga hannu, sai kuma ta sauke. Me za ta doka? Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ta koma zaure ta zauna a ƙasa kusa da Keziya, ta miƙe ƙafa kamar ita ma jiran wani take yi.

"Ba ki son 'yar tsanar ne?"

"Tana da kyau, Mama. Na gode."

"To mi ya sa kika ɗauko kayanki?"

Keziya ta daɗe tana murza bakin ledar da yatsa. Can ta ce, a hankali, "Ke kika ce sababbin kofuna na baƙi ne, kada mu taɓa, mu sha da tsofaffin. Baƙo kuma in ya gama cin abinci tafiya yake yi."

Ladi ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ita da hannunta ta ware yarinyar, da kuɗinta, da kyakkyawar niyyarta. Ta lallashe ta dai, ta ce iska ta fara sanyi, in Baba ya zo ai zai yi sallama su ji. Keziya ta bi ta ciki ba musu, kamar yadda take yin komai. Amma ledar ba ta koma inda take ba, a gefen filonta ta ajiye ta.

Washegari jajibere, tun da safe tsakar gida ta cika da aiki. Malam Almu ya fito da wuƙarsa ya yanka kajin Ishaya guda uku, kamar yadda yake yi kowace shekara, don in an dafa kowa a gidan ya ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Su ma in Sallah ta zo, ɗakin Ladi ake fara kai wa tuwo da nama. Ishaya na fige kaji a bakin rariya. Ladi ta zauna gaban kwaɓin cincin, amma hannunta ba ya tafiya. Safara'u ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da ita, don ta ji komai tun jiya, ɗakunan ba su da nisa.

"Maman Kefas, kin cika sa wa kanki damuwa. Abu mai sauƙi. Ga tsofaffin zannuwa nan jibge a ɗakina, ɗauki ɗaya ki ce mata na uwarta ne aka aiko daga ƙauye. Yaro ne fa, mi ta sani?"

Ba ƙarya, dabarar ta shiga ran Ladi, don da an yi haka da yamma an gama. Sai ta girgiza kai.

"Yaya, yarinyar nan ta san zannuwan uwarta ɗaya bayan ɗaya. Ko ba ta sani ba, ni na sani. Kowace shekara in buɗe akwati in yanko mata ƙarya in ɗinka? A ranar haihuwar Almasihu?"

"To yanki a na Tabita ki yi musu tare."

"Shi ma ba ita aka goya da shi ba. Tabita kuma kin san bakinta, kafin a tashi daga coci kowa ya ji."

Safara'u ta tafa hannu ta yi dariya. "Wannan bakin kam gado ne, ba zan ce daga wa ba. To ni dai dabarata ta ƙare. Goyo ya riga ya wuce, ba a dawo da shi."

Ladi ta ɗago kai ta dube ta. "Wa ya ce?"

"Wa ya ce mi?"

Ladi ta miƙe. Ta rufe kwaɓin da faranti, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki. Da ta fito tana riƙe da zanenta na yau da kullum, kore mai zanen ganye, wanda take ɗaurawa in za ta yi wanki ko girki. Keziya na zaune a bakin ƙofa tana tsince tattasai, ba wanda ya sa ta. Ladi ta zo gabanta ta juya mata baya ta durƙusa.

"Hau."

Yarinyar ta zaro ido. "Mama, ni ai babba ce."

"Na sani. Hau dai, markaɗe za mu kai."

"Zan iya tafiya da ƙafata."

"Na san kina da ƙafa, ni na saya musu takalmi. Hau na ce."

Keziya ba ta iya musu ba, ta hau a ɗarare. Ladi ta yafa zanen ta rufe ta, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure a ƙugu, ta miƙe da ɗan nishi. Ƙafafun yarinyar suka sauko har gwiwarta suna reto. Tabita ta saki baki. Kefas ya fashe da dariya, uban ya harare shi, amma shi ma leɓensa na rawa.

"Ladi, za ki karya ƙugu ana gobe biki," in ji Ishaya. "Wa zai yi mana rawar Zumunta?"

"In ya karye kai ne mai gyara. Ɗora mini bokitin nan."

Ya tashi ya ɗora mata bokitin tumatir da tattasai a ka. Da ya zo kusa ya ga fuskarta, sai ya daina wasa. Ya gyara mata gammo, ya ce, "Ku dawo lafiya."

Injin markaɗen yana can bakin titi. Ladi ta bi layi tana tafiya a hankali, kaya a ka, goyo a baya. Yara suka bar wasansu suka biyo su suna, "Ƙatuwa a baya! Ƙatuwa a baya!" Keziya ta sanƙare, ta ja jikinta baya don kada ƙirjinta ya taɓa Ladi, ta sunkuyar da kai. Ladi ta juya ta yi wa yaran kallo ɗaya, suka watse.

A bakin kwana 'yan acaɓa na zaune bisa baburansu. Ɗaya ya ce, "Madam, asibiti ne? Zo in kai ku."

"Lafiyarta lau, na gode."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta bi su da ido ta ce, "Sannu, ɗiyata. Allah ya ba ta lafiya."

Ladi ta ɗan rage tsawo ta gaishe ta. "Amin, Hajiya. Amma ba ciwo ba ne. Goyonta ne bai ƙare ba."

Tsohuwar ta dubi dogayen ƙafafun da ke reto, ta dubi Ladi, ta gyaɗa kai kamar ta gane wani abu. "To Allah ya raya."

Da suka wuce mutane, Ladi ta yi magana ba tare da ta juya ba.

"Kin san wa ya fara hawa bayan nan da kike kai?"

Ladi ta ba kanta amsa tana tafiya.

"Ba Kefas ba. Uwarki ce. Ina kamar ke aka haife ta. In mamarmu ta tafi gona, ni ake ɗaura wa ita. Kai, Na'omi! Ba ta zama wuri ɗaya. Ta ja mini kunne, ta tsinke mini kitso, da haƙora suka fito mata kuwa kafaɗata ta mayar rake."

Sai wata ƙaramar murya ta fito daga baya. "Da gaske?"

"Sa hannu ta hagu ki ji, ƙila har yanzu da tabo."

Ladi ta ji 'yan yatsu masu sanyi suna lalube a kafaɗarta.

"Babu komai."

"To ya warke. Amma ta cije ni, Allah na gani. In na ce zan sauke ta sai ta ƙanƙame wuyana tana ihu, har maƙwabta su fito su ce mi na yi mata."

"Mamana ba ta ihu."

"Da ta girma ne ta daina. Ke ba ki san ta tana ƙarama ba, ni na san ta."

Yatsun ba su bar kafaɗar ba. Can sai Ladi ta ji nauyin ya sauya. Jikin da ke ja da baya ya saki, ƙirji ya kwanta, kumatu ya manne tsakanin kafaɗunta. Ba a daɗe ba ta ji bayanta na jijjiga, wani ɗumi na ratsa rigarta. Tun ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayen Keziya. Ladi ba ta ce ta yi shiru ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta mai da hannu ɗaya baya ta tallafe ta, tana ɗan bubbugawa kamar yadda ake yi wa jariri, ta ci gaba da tafiya. Ita ma idonta ya cika, amma bokiti na kanta, ba halin sunkuyawa.

A wurin markaɗe layi ya yi tsawo. Sagir mai injin ya taimaka ya sauke mata bokitin, ya leƙa bayanta ya riƙe baki.

"Maman Kefas, barka! Ba mu ji suna ba. Halan jaririyar da haƙoranta aka haife ta?"

"Da haƙora, da karatun aji ɗaya. Rage murya, ta yi barci."

Ta yi barcin kuwa, duk da ƙarar injin. Matan da ke layi suka matsa suka ba Ladi wuri a benci, ta ce a'a, in ta zauna ƙafafun yarinyar za su lanƙwashe ta farka. A tsaye ta jira har aka zo kanta, tana ɗan jijjigawa hagu da dama, gumi na bin wuyanta. Wata daga cikin matan ta tambaye ta a hankali ko ɗiyarta ce. Ladi ta ce, "Tawa ce."

Da suka koma gida ma ba ta sauke ta ba. Ishaya ya karɓi bokitin, ya yi mata alama da ido ko ya kwance mata, ta girgiza kai. A tsaye ta wanke shinkafa, a tsaye ta ɗora miya, tana dafa bango in ƙugun ya matsa mata. Tabita ta zo za ta yi magana, Safara'u ta jawo ta ta toshe mata baki da ƙullin gyaɗa. Gidan da ya saba hayaniya ranar jajibere ya koma magana ƙasa-ƙasa, har Malam Almu da zai fita masallaci sai da ya ɗaga ƙyauren zaure don kada ya yi ƙara.

Sai bayan azahar Keziya ta motsa. Ladi ta durƙusa ta kwance ɗaurin, yarinyar ta sauka tana murza ido, shatin zane kwance a kumatunta. Zanen ya jiƙe da gumi da hawaye da yawun barci, ga ɗigon markaɗe a gefe. Ladi ta ɗauraye shi ta shanya a igiya, rana ta busar da shi nan da nan. Sannan ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta ɗauko almakashi.

"Keziya, zo ki riƙe mini nan. Ja sosai. Wannan zanen wa na goya da shi?"

Yarinyar ta dubi zanen, ta dubi Ladi. "Ni."

"Wa ya gani?"

"Kowa," in ji Kefas daga bakin rariya. "Har 'yan acaɓa."

Almakashi ya shiga zanen. Bana dai babu ɓoyo, a gaban mai shi aka yi ɗinkin. Ga cincin ba a soya ba, ga kaji na jira, ga zoɓo ba a tace ba. Safara'u ta dubi tulin aikin, ta dubi Ladi da ke ƙoƙarin zura zare a allura duk da gajiya. Ta tashi ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Ina matsamin? Ramla, fito ki murza mana cincin ɗin nan." Ramla autarta ce. "Ke kuma Maman Kefas kada in ga kin tashi daga nan."

"Yaya, aikin da yawa."

"Na ga da yawa. Na haifi bakwai, na goya bakwai, na ɗauka na san goyo. Yau na ga wanda ban sani ba. Zauna ki yi abinki."

Kafin magariba aka gama. Sabuwar 'yar tsanar ba ta kai rabin ta farkon kyau ba. 'Yar ƙarama ce, ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zaren kitson ya ƙare a tsakiya sai aka ɗaura mata ɗankwali don rufe sauran. Keziya ta miƙa hannu za ta ɗauka, Ladi ta ɗage ta sama.

"A'a. Sai gobe, kamar kowa."

Ta jawo akwatin ta sa 'yar tsanar, sannan ta ninke ragowar koren zanen ta ɗora kan na Kefas da na Tabita, ta rufe. Mai ruwan hodar kuwa, aka yi shawara za a sa ta cikin tiren abincin gobe a kai wa Ummi, jikar Safara'u.

Da safiyar Kirsimeti, kafin a yi shirin coci, suka zauna a tabarma kamar yadda suka saba. Ishaya ya karanta musu labarin haihuwar Yesu, ya yi addu'a, ya ambaci Na'omi, ya ambaci uban Keziya da ke can kan hanya da motarsa. Ladi na kishingiɗe a jikin gado da filo a ƙugu, ɗakin duk warin man zafi. Daga nan ta sa aka jawo akwatin. Kefas ya samu 'yar jaka ta rataya, ƙarama, don zanensa saura kaɗan. Ya jujjuya ta ya ce shi baɗi ma ba sai an yi masa ba, amma ya rataya ta nan take. Tabita ta samu tata. Keziya ta karɓi tata da hannu ɗaya, ta kai hanci ta shinshina, ta cusa ta cikin riga.

Tabita ce ta leƙa akwatin da ke buɗe. Ta ɗago ragowar zanenta, bai fi faɗin ɗankwali ba. Ta ɗago koren, ya warware har ƙasa.

"Mama! Nata ya fi nawa yawa!"

"Jiya aka fara yanka shi, dole."

"To nawa zai riga ƙarewa kenan? Ita ta yi ta samu ni ina kallo? Wallahi ba adalci!"

"Wa ya koya miki rantsuwa da safiyar nan?" in ji Ishaya.

Keziya ta dubi zanen, ta dubi Tabita. A hankali ta zaro harshe ta yi mata gwalo.

"Mama kin gan ta! Gwalo ta yi mini!"

"Ke kika fara," in ji Keziya. "Sakar mini zanena."

Ta kama gefe ɗaya, Tabita ta riƙe ɗayan, suka shiga ja. Ishaya ya miƙe zai raba, Ladi ta riƙe masa riga, ta bar su suka ɗan taɓa. Sannan ta ɗaga murya.

"Ku biyun nan, in kuka yaga shi ku duka zan zane! Ku tashi ku ɗauki kwanukan can ku kai ɗakin Inna Safara'u, ku gaishe ta da kyau. Keziya, ɗauki na shinkafar."

"Ni kullum ni ce mai ɗaukar mai nauyi," in ji Keziya tana tura baki. "Tabita ta ɗauka mana."

Ladi ta juya fuskarta wajen bango don kada su ga tana dariya. Suka fita suna gardama, kowace da kwano a ka, har suka isa ƙofar Safara'u ba su daina ba.